Jihohin Raba Gardama da Daren Ƙidayar Ƙuri'a: Daga Kano ta 1979 Zuwa Katsina ta 2023

A zaɓen shugaban ƙasa da aka yi ran 25 ga Fabrairu, 2023, Atiku Abubakar na jam'iyyar PDP ya sami ƙuri'a 489,045 a Jihar Katsina, Bola Tinubu na APC kuwa ya sami 482,283. Abin da ya raba su ƙuri'a 6,762 ne kacal. Wanda ya san tarihin jihar lalle ya yi mamaki, domin shekara takwas kafin nan, watau a 2015, ita wannan jiha ta ba ɗan takarar APC, marigayi Muhammadu Buhari, ƙuri'a 1,345,441, ta bar Goodluck Jonathan da 98,937. A 2019 ma ta ba Buhari 1,232,133, Atiku ya tashi da 308,056. Ga shi kuma a ranar da aka jefa ƙuri'ar 2023 Buharin ne ke kan mulki, a Daura ya jefa tasa. Jihar da aka saba ƙidaya ta a aljihun jam'iyya guda, sai ga ta an wayi gari tana cikin jihohin da aka fi kai ruwa rana a kansu a duk faɗin ƙasar.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba abubuwa biyu da ke tafe tare a kowane babban zaɓe. Na farko shi ne hasashen da ake yi kafin ranar, ta hanyar ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, musamman a jihohin da ba a san inda za su faɗa ba. Na biyu shi ne daren da ake zaman jiran sakamako, sa'ad da hasashen ke gamuwa da ƙidaya. Da yake a Amurka aka fi yin wannan sana'a, kuma daga can Nijeriya ta aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, daga can ya kamata a soma.

Asalin maganar a Amurka

Mutanen Amurka ba kai tsaye suke zaɓen shugabansu ba. Kowace jiha tana da adadin wakilai masu zaɓen shugaba gwargwadon yawan kujerunta a Majalisar Tarayya, jimlarsu 538, kuma wanda ya haɗa 270 shi ne ya ci. Muhimmin abu shi ne, ban da jihohi biyu, Maine da Nebraska, duk wanda ya rinjaya a jiha, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilanta gaba ɗaya. Saboda haka jiha kamar Kalifoniya, mai wakilai 54, wadda tun 1992 ba ta juya wa jam'iyyar Dimokurat baya ba, ba wanda ke ɓata lokacinsa a kanta. Ƙarfi da dukiya duk sai su koma kan 'yan jihohin da ƙarfin jam'iyyun biyu ya zo kusan ɗaya a cikinsu. Waɗannan su ne jihohin raba gardama. A 2024 bakwai ne: Fensilbaniya, da Jojiya, da Karolina ta Arewa, da Mishigan, da Arizona, da Wiskonsin, da Nebada, masu wakilai 93 a haɗe.

Ƙanƙantar ratar da ke yanke hukunci a irin waɗannan jihohi abin lura ce. A 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku a ƙasa baki ɗaya, amma ta faɗi, domin Trump ya ci Mishigan da Wiskonsin da Fensilbaniya da ratar da, in an haɗa ta ukun, ba ta kai 78,000 ba. A 2020 Joe Biden ya ci Jojiya da ƙuri'a 11,779, Arizona da 10,457. Wannan ne ya sa masu hasashen can ba su cika damuwa da ra'ayin ƙasa gaba ɗaya ba. Jiha-jiha suke bi suna aunawa, sa'an nan su jera sakamakon suna kwatantawa.

Yadda ake auna ra'ayi

Hikimar ƙuri'ar jin ra'ayi ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa. Mai saye ba ya zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya. Hannu yake zurawa ya ɗebo kaɗan, ya yi hukunci a kan buhun. Amma ɗan kasuwar da ya ƙware ya san ba a ɗiba daga baki, domin a nan mai kaya ke zuba mai kyau. Sai a zura hannu har tsakiya, in da hali a taɓa gindi. Ilmin jin ra'ayi kacokan a kan wannan ya tsaya: daga ina aka ɗebo mutanen da aka tambaya? Yawansu yana biye da wannan tambaya ne.

An ga haka a fili a 1936. Wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika wa mutum miliyan goma takardun tambaya, fiye da miliyan biyu suka amsa, ta yi shelar cewa Alf Landon zai ka da Shugaba Franklin Roosevelt. Da aka ƙidaya, Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tsinto sunaye ne galibi daga littafin masu tarho da rajistar masu mota, watau masu hannu da shuni, a lokacin da talauci ya game ƙasar, kuma waɗanda suka damu su mai da amsa sun fi yawa cikin masu jin haushin gwamnati. George Gallup, da ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai in an gwada da nata, amma ya yi ƙoƙarin ɗibarsu daga kowane rukuni, shi ya faɗi daidai. Shi ma bai tsira ba, don a 1948 shi da takwarorinsa sun daina tambaya tun da sauran makonni, suka ba Thomas Dewey nasara, har wata jaridar birnin Shikago ta buga a shafin farko cewa Dewey ya ci. Harry Truman, wanda ya ci ɗin, ya ɗaga jaridar yana dariya aka ɗauke shi hoto.

Ko an ɗebo mutane yadda ya kamata, akwai kuskuren da lissafi kansa ya yarda da shi. In aka tambayi mutum dubu, abin da aka samu yana iya saɓa wa gaskiya da kimanin kashi uku cikin ɗari, sama ko ƙasa, ga kowane ɗan takara. Ratar da ke tsakanin 'yan takara biyu kuwa tana iya kaucewa da kusan ninkin haka. Ke nan idan aka ce wane yana gaba da kashi biyu a Fensilbaniya, kashi ɗaya a Jojiya, a haƙiƙa ba a faɗi wanda zai ci ba, an dai ce abin ya yi kusa. Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan. Kurakuran jihohi ba kowace da nata ba ne, tare suke karkata. A 2016 masu bincike da yawa a jihohi ba su ba da cikakken kaso ga waɗanda ba su yi jami'a ba, kuma wannan rukuni ne ya karkata ga Trump a jihohin nan uku a lokaci guda. Wanda ya jera sakamako uku ya ga duk sun yi daidai, sai ya zaci shaidu uku ya samu, alhali shaida ɗaya ce aka maimaita masa. A 2024 aka yi ta cewa jihohi bakwai ɗin kunnen doki ne, Trump ya cinye su duka, ya tashi da wakilai 312.

An ce a zamanin da, ban da kiran salla, akan hau hasumiyar Gobarau don a hango abin da ke tafe daga bayan ganuwa. Mai tsaro da ke can sama yana iya ganin ƙura ta tashi, ya faɗi ɓangaren da ta fito, har ya kimanta ko ayari ne ko rundunar yaƙi. Amma ba zai iya ƙidaya dawaki ba. Gwargwadon wannan ne mai jin ra'ayi ke iyawa, kuma laifin yawanci na masu sauraro ne da ke neman ya faɗa musu adadin dawakin.

Jiha ta goma sha uku

Dokar Nijeriya dabam take. A nan ƙuri'un ƙasa duka ake haɗawa, wanda ya fi yawa shi ke gaba. Amma da yake waɗanda suka tsara mulkin farar hula na 1979 ba su manta da yadda jam'iyyun Jamhuriya ta Farko suka zama na yanki-yanki ba, sai suka ƙara sharaɗi: dole wanda ya ci ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kowace ɗaya daga cikin sulusi biyu na jihohin Tarayya. Jihohi kuwa a lokacin 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku.

An yi zaɓen ran Asabar, 11 ga Agusta, 1979, ana tsakiyar damina, ana kuma azumin watan Ramalan. Shi ne na biyar a jerin zaɓuɓɓukan da aka soma tun 7 ga Yuli, kuma a wannan shekara ce matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen Tarayya. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN 4,916,651, Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP 2,822,523, Malam Aminu Kano na PRP 1,732,113, Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP 1,686,489. Wajen yawa babu gardama. Wajen rubu'i kuwa Shagari ya samu a jihohi 12. Ta goma sha uku ita ce Kano, inda Malam Aminu ya kwashe fiye da kashi 76 cikin ɗari. Daga ƙuri'a 1,220,763 da aka jefa a Kano, Shagari ya sami 243,423, watau kashi 19.94 cikin ɗari. Kimanin ƙuri'a dubu sittin da biyu suka rage masa ya cika rubu'i.

Kano ba jihar da aka yi kankankan ba ce, kowa ya san ta PRP ce. Duk da haka ita ta zama jihar raba gardama, kuma gardamar a kan wanda ya zo na biyu aka yi ta. Idan sulusi biyu na 19 shi ne 13, to Shagari bai cika sharaɗi ba, kuma bisa dokar lokacin sai a mai da zaɓen hannun 'yan majalisun Tarayya da na jihohi su raba tsakaninsa da Awolowo, inda haɗin bakin sauran jam'iyyu zai iya juya al'amari. Cif Richard Akinjide, lauyan NPN, ya kawo wata fassara: sulusi biyu na 19 shi ne goma sha biyu da sulusi biyu, don haka abin da ake nema a jiha ta goma sha uku rubu'in sulusi biyu ne na ƙuri'unta. Sulusi biyu na ƙuri'un Kano 813,842 ne, rubu'in wannan bai wuce 203,461 ba, Shagari kuwa yana da 243,423. Hukumar zaɓe ta FEDECO, wadda Cif Michael Ani ke shugabanta, ta karɓi wannan lissafi, ta bayyana Shagari ran Alhamis, 16 ga Agusta. Babban sakataren hukumar a lokacin mutumin ƙasar Katsina ne, Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda daga baya ya rubuta littafi a kan zaɓuɓɓukan 1959 da 1979. Na biyu a gwamnatin sojan da ke shirin miƙa mulki shi ma Bakatsine ne, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa.

Awolowo ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. Ran 26 ga Satumba, saura kwana biyar a rantsar da sabon shugaba, kotun, a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Atanda Fatai-Williams, ta tabbatar wa Shagari. Mai Shari'a Kayode Eso shi kaɗai ya saɓa. Masu sukar hukuncin suna da hujja mai ƙarfi ta fuskar lissafi, kuma ɗalibi na iya gwada ta da alƙalaminsa. An rage jimlar ƙuri'un Kano zuwa sulusi biyu, amma an bar wa Shagari nasa cif-cif, har da waɗanda ya samu a sulusin da aka jefar. In an rage nasa ma haka nan, sai su koma 162,282, kuma wannan cikin 813,842 kashi 19.94 ɗin nan ne dai. Masu goyon baya kuwa suna duban wani abu dabam: mutumin da ya fi kowa ƙuri'a da tazarar fiye da dubu ɗari bakwai, ya kuma fi kowa bazuwa a ƙasa nesa ba kusa ba, ga soja suna bakin ƙofa za su fita. A ganinsu jefa zaɓen hannun 'yan majalisa, inda ciniki zai shiga, shi ya fi hatsari. Ta fuskar lissafi Eso ya fi gaskiya. Ta fuskar siyasa kuwa har yau ba a gama ba. Yanzu da jihohi suka zama 36, sulusi biyu 24 ne babu ragowa, kuma idan ba a sami wanda ya cika ba sai a koma ga jama'a zagaye na biyu.

Katsina a wancan lokaci tana cikin Jihar Kaduna, sai 23 ga Satumba, 1987 aka ba ta jiharta. Ita tsohuwar Kadunan ce ta fi kama da abin da Amurkawa ke nufi. A zaɓen gwamna ta ɗauki Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ta bar Alhaji Lawal Kaita na NPN, alhali mako guda kafin nan ta ba NPN babban rinjaye a Majalisar Dokoki, bayan mako biyu kuma ta ba Shagari ƙuri'u mafi yawa, Malam Aminu na biye. Mutane ɗaya, cikin makonni uku, sun juya sau biyu. Sakamakon wannan raba ƙafa shi ne majalisar ta ƙi amince wa gwamnan da kwamishinoni, ta kuma tsige shi a watan Yuni, 1981.

Daren jira

A Amurka babu hukumar zaɓe guda ta ƙasa da ke shelar sakamako a daren. Kamfanonin labarai ne ke duba abin da ya fito daga gundumomi, su haɗa da lissafinsu, su ce wane ya ci jiha kaza. Yawanci suna dacewa. Amma a daren 7 ga Nuwamba, 2000, gidajen talabijin sun ba Al Gore jihar Fulorida da magariba, suka janye, suka ba George Bush da tsakar dare, suka sake janyewa kafin asuba. Gore ya riga ya buga wa Bush waya ya taya shi murna, sai da ya sake bugawa ya ce ya fasa. Daren ya ɗauki mako biyar, Kotun Ƙoli ce ta rufe shi ran 12 ga Disamba, ratar kuwa ƙuri'a 537 ce.

Daren zaɓen Nijeriya ba dare ɗaya ba ne ko da komai ya tafi daidai. Ana ƙidaya a rumfa a gaban jama'a, a kai mazaɓa, daga nan ƙaramar hukuma, sai jiha, sa'an nan babban birnin Tarayya, kuma hukuma kaɗai doka ta yarda ta bayyana wanda ya ci. A 1979 kwana biyar aka yi, rediyo ne kuwa abin dogaro, Rediyon Kaduna da sashen Hausa na BBC da na Jamus, da na Muryar Amurka wanda a shekarar ya soma. Masu ilmin boko a zaure su ke riƙe da takarda da fensir, jiha na faɗowa ana tarawa. A 1993 an soma jin sakamakon zaɓen 12 ga Yuni, har aka ji Cif Moshood Abiola ya rinjayi Alhaji Bashir Tofa a Kano, mahaifar shi Tofan, sai aka dakatar da sanarwa, ran 23 ga wata gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen ɗungurungum. A 2011 jiran ya ƙare da tarzoma a garuruwan Arewa, aka yi hasarar ɗaruruwan rayuka.

Wanda ya fi zama a zukatan Katsinawa shi ne na 2015. An jefa ƙuri'a ran Asabar, 28 ga Maris, aka kai Talata ana karanta sakamako jiha-jiha a Abuja, shugabannin jami'o'i na zuwa ɗaya bayan ɗaya gaban Farfesa Attahiru Jega, duk ƙasa na kallo a talabijin. A ranar ce wani tsohon minista, Godsday Orubebe, ya karɓe makirufo ya yi ta ɗaga murya yana zargin Jega da son kai, shi kuwa Jega ya saurare shi har ya gama, ya amsa masa a natse, aka ci gaba. Da la'asar sakaliya, tun ba a karanta Barno ba, Shugaba Jonathan ya buga wa Buhari waya ya amsa faɗuwa. Shi ne karo na farko da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a Nijeriya. Ƙungiyar bincike ta Afrobarometer, da ta auna ra'ayi a Disamba 2014, ta sami jam'iyyun biyu kowace da kashi 42 cikin ɗari. Buhari ya tashi da 15,424,921, Jonathan da 12,853,162.

A nan akwai lissafin da ya kamata ɗalibin siyasa ya riƙe. Ratar Buhari a ƙasa duka 2,571,759 ce. Ratarsa a Kano 1,688,220, a Katsina 1,246,504, jimla 2,934,724. Watau jihohin nan biyu su kaɗai sun fi ratar ƙasa baki ɗaya. A tsarin Amurka ƙuri'ar da ɗan takara ya tara fiye da buƙata a gidansa banza ce. A tsarin Nijeriya ita ce jari. Don haka wanda ya kwaso rabon jihohi irin na Amurka, wannan tabbas, waccan rabin-da-rabi, ya ɗora wa Nijeriya, ya auna abin da ba shi ne ke yanke hukunci ba.

Hasashen 2023 da abin da Katsina ta nuna

Ba a taɓa yin zaɓen da aka yi ta buga ƙuri'un jin ra'ayi kamar na 2023 ba, kuma mafi yawansu Peter Obi na jam'iyyar Leba suka sa a gaba. Wadda aka fi ambata, ta gidauniyar ANAP, wadda kamfanin NOI ya gudanar, ta fito a Fabrairu da Obi kashi 21, Tinubu 13, Atiku 10, Rabi'u Kwankwaso 3. Kanun labarai a nan suka tsaya. Amma a cikin takardar an nuna kashi 23 ba su yanke shawara ba, kashi 30 kuma sun ƙi faɗa. Fiye da rabin buhun ke nan hannu bai kai gare shi ba. Wani kamfanin, Stears, ya yi abin da ya fi dacewa, ya ce in jama'a sun fito da yawa Obi ne, in ba su fito ba Tinubu ne. Ba su fito ba. Cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Da asubahin 1 ga Maris Farfesa Mahmood Yakubu ya bayyana Tinubu da 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Tinubu ya ci jihohi 12, Atiku 12, Obi 11 da Abuja, Kwankwaso ya ci Kano.

Jihohin da aka yi kankankan sun samu a wannan karo. Ban da Katsina, Atiku ya ci Sakkwato da 288,679 a kan 285,444, Obi ya ci Legas da 582,454 a kan 572,606. Da a Amurka ne, da waɗannan uku sun zama babbar hasara ga Tinubu. A nan kuwa abin da ya rasa a ukun bai kai ƙuri'a dubu ashirin ba, ya kuma cika rubu'insa a kowacce. Matsayi na biyu da ya zo a Legas da Kano da Katsina ya tara masa fiye da miliyan ɗaya da rabi. Har wa yau tsohuwar gardamar 1979 ta dawo da sabuwar riga, domin a Abuja bai kai kashi ashirin cikin ɗari ba, masu ƙara suka ce tsarin mulki ya wajabta rubu'i a can ma. Kotun Ƙoli, ran 26 ga Oktoba, 2023, ta ce Abuja ɗaya ce cikin jerin, ba ta da wani fifiko.

Ko mai jin ra'ayi zai iya hango abin da ya faru a Katsina? Lissafi ya ce da wuya. Masu rajista a jihar kimanin miliyan uku da rabi ne, ƙasa da kashi huɗu cikin ɗari na ƙasa. Alal misali in aka tambayi mutum dubu biyu a Nijeriya duka, rabon Katsina bai wuce mutum saba'in da biyar ba, a ƙananan hukumomi 34, kuma kuskuren irin wannan ɗiba ya haura kashi goma. Ratar da ake so a gano kuwa ba ta kai kashi ɗaya ba. Ga kuma abin da lissafi bai sani ba. Ta waya ake yawancin tambayar, alhali a ƙauye sau da yawa wayar gida a hannun maigida take, ra'ayin matan gidan ba ya shiga. A yankunan Batsari da Jibiya da Safana da Faskari, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, mutane da yawa sun bar gidajensu, kuma wanda ke zaune cikin tsoro ba ya buɗe cikinsa ga baƙuwar murya. Ko a cikin birni, Bahaushe yana da kara, yakan faɗa wa mai tambaya abin da ya ga zai yi masa daɗi. Daɗin daɗawa rabon da a ƙidaya jama'ar Nijeriya tun 2006, don haka ma'aunin da za a daidaita samfurin da shi ya tsufa.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne tambayar da ake yi ba ita ce ta yanke hukunci a Katsina ba. Tsakanin 2019 da 2023 APC ta rasa ƙuri'a 749,850 a jihar. PDP ta ƙaru da 180,989, Kwankwaso ya sami 69,386. Sauran, kusan rabin miliyan, ba su koma wurin kowa ba, ba a gan su ba ne kawai. Ana kawo dalilai iri-iri: Buhari ba ya kan takardar ƙuri'a, ga ƙarancin takardun naira da canjin kuɗi ya haifar a makonnin, ga ƙarancin mai, ga rashin tsaro. Akwai kuma masu cewa na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ce ta rage aringizon da aka saba yi a da, watau wasu daga cikin waɗanda suka ɓace ɗin dama a takarda kawai suke. Kowanne yana iya samun rabonsa, alƙaluman ba su rarrabe ba.

Mako uku bayan haka, ran 18 ga Maris, aka yi zaɓen gwamna da na'urar nan dai, a rumfunan nan dai. Sanata Yakubu Lado na PDP ya sami 486,620, watau kusan daidai da 489,045 da Atiku ya samu. Dokta Dikko Umaru Raɗɗa na APC kuwa ya sami 859,892, ƙarin 377,609 a kan abin da Tinubu ya samu. Jama'ar PDP ba su ragu ba, ba su ƙaru ba. Ƙuri'un APC da suka yi ɓatan dabo a Fabrairu ne suka sake bayyana a Maris, sa'ad da takarar ta zama ta gida.